Daga Ina Fijo Ta Fito? Taƙaitaccen Tarihin Masu Ƙera Mota

Duk wanda ya taɓa zuwa tasha ranar kasuwar Batsari ya ga tsofaffin motocin Fijo, musamman akori-kura da ake loda wa buhunan rogo da gero. Wata rana na tambayi kawuna, wanda bakanike ne, a wace ƙasa aka yi irin motar nan. Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, da yawa daga cikinsu a nan Kaduna aka haɗa su." Ban yarda ba sai da na tambayi malaminmu na fasaha, na kuma yi karatu a kai. Ga abin da na samo.

Labarin ya faro ne daga ƙasar Jamus. Wani injiniya mai suna Karl Benz, a garin Mannheim, ya haɗa wata mota mai ƙafa uku da ke tafiya da injin mai. A ranar 29 ga Janairu, 1886 ya nemi takardar shaidar cewa shi ya ƙirƙiro ta. Sai dai mutane ba su yi rububin saye ba, domin suna ganin doki ya fi ta aminci.

Matarsa Bertha ce ta canza wannan tunani. A watan Agusta na 1888 ta ɗauki motar da asuba ba tare da ta gaya masa ba, tare da 'ya'yansu maza biyu. Ƙaramin shekararsa 13, wato sa'ana. Suka yi tafiyar sama da kilomita 100 zuwa garin Pforzheim inda mahaifiyarta take. Lokacin babu gidan mai ko ɗaya, don haka a kantin magani na garin Wiesloch ta sayi man da ta zuba. Da bututun mai ya toshe, da tsinken hularta ta buɗe shi. Da birki ya cinye, wani baduku ta sa ya liƙa masa fata. Wannan tafiya ce ta nuna wa jama'a cewa mota za ta iya dogon zango.

A Faransa kuma akwai zuriyar Peugeot, sunan da mu Hausawa muka mayar Fijo. Su asalinsu maƙera ne. Suna yin zarto da injin niƙan kofi, daga baya suka shiga yin kekuna. Hoton zakin da muke gani a gaban motar ma a kan zarto suka fara sa shi, don nuna ƙarfin haƙoransa. Ɗaya daga cikinsu, Armand Peugeot, ya gwada mota mai aiki da tururi a 1889, sannan ya koma ga injin mai. Ɗan'uwansa bai yarda mota za ta yi kasuwa ba, saboda haka Armand ya ware ya kafa kamfaninsa a 1896.

Duk da haka mota ta ci gaba da zama kayan masu kuɗi, sai da Henry Ford na Amurka ya zo. Ɗan manomi ne, tun yana yaro yake kwance agogo yana mayarwa. Kamfaninsa na farko ya karye, amma a 1903 ya kafa kamfanin Ford, a 1908 kuma ya fitar da mota mai suna Model T. Babbar dabararsa ta zo a 1913: maimakon ma'aikata su kewaye mota ɗaya, sai motar ta riƙa tafiya a kan layi, kowane ma'aikaci yana tsaye wuri guda yana aiki iri ɗaya. Wannan ya ɗaura ƙafa, wancan ya ɗaure noti. Aikin da ke cin sama da awa 12 ya dawo kusan awa ɗaya da rabi. Farashin motar ya sauko daga dala 850 zuwa ƙasa da dala 300, kuma zuwa 1927 an yi guda miliyan 15.

Yanzu mu dawo gida. Bayan yaƙin basasa, kuɗin man fetur ya shigo Nijeriya, sai gwamnati ta haɗa hannu da kamfanonin waje don a riƙa haɗa motoci a nan. An kafa kamfanin Peugeot na Nijeriya a 1972, masana'antarsa da ke Kakuri a Kaduna ta fara aiki a 1975, zamanin Janar Yakubu Gowon. Daga can aka riƙa fitar da Fijo 404 da 504. Haka kuma an buɗe Volkswagen a Legas, Steyr a Bauchi, Leyland a Ibadan, da masana'antar manyan motocin Fiat a Kano.

To me ya sa yanzu galibin motocinmu gwanjo ne? Malaminmu ya nuna mini bambancin haɗawa da ƙerawa. Yawancin sassan motar, musamman injin, daga Faransa ake kawo su, mu kuma mu ɗaure. Da farashin mai ya faɗi bayan 1980, aka kuma karya darajar naira a 1986, sassan suka yi tsada, sabuwar mota ta gagari ma'aikaci. Masana'antun suka rage aiki, wasu suka rufe.

Amma ba a rasa masu ƙoƙari ba. Innocent Chukwuma ya buɗe masana'antar Innoson a Nnewi a 2010. Jelani Aliyu, ɗan jihar Sakkwato, ya yi aiki da kamfanin General Motors a Amurka, kuma shi ya zana siffar farko ta motar Chevrolet Volt mai amfani da lantarki.

Abin da na lura da shi shi ne, wasu daga cikin mutanen nan da aikin hannu suka fara. Mu a nan mun san darajar mota mai lafiya. Idan mota ta mutu a hanyar Safana ko Runka da yamma, a halin da muke ciki, kowa ya san yadda hankalin fasinjoji ke tashi, balle a ce da mara lafiya a ciki. A ranar bakanike ya fi kowa daraja. Amma a makaranta sai ka ji ana yi wa yaron da ke zuwa gareji bayan an tashi dariya, ana ce masa mai baƙin mai.

Ina roƙon 'yan'uwana mu daina wannan, mu kuma riƙe darasin lissafi da na fasaha da kyau. Ina roƙon malamanmu su ware mana rana guda a zangon nan, kowa ya kawo motar da ya yi da kara ko gwangwani, a gayyato bakanike ya nuna mana yadda injin yake aiki. Ni dai na riga na fara tara gwangwanayen madara.

Wassalam. Daga ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare, mamba a ƙungiyar 'yan jarida ta makaranta.