Makarantar dattijai: wanda ya san abu shi koya wa ɗan'uwansa

A Maraɗi, da Damagaram, da Tawa, da Yamai, babu unguwar da ba ta da su: tsohon mushen lakwal, tsohon soja, tsohon ma'aikacin gidan waya, tsohon direba, tsohuwar ungozoma. Sun yi wa ƙasa aiki shekara 30 ko fiye, sun ajiye. A watan farko jama'a na zuwa barka da hutawa. Bayan wata 6 ƙafa ta ɗauke. Mutumin da a da ake jira a biro tun da safe, yanzu yana zaune ƙofar gida da rediyo, yana kallon masu wucewa har a kira azahar.

A ƙauye ma haka abin yake. Manomin da ƙarfinsa ya rage yakan sakar wa ɗiyansa gandu. Bayan girbi samari sun tafi cin rani, sai a bar shi da tabarma da carbi.

Zaman kaɗaici yana cin mutum. A shekarar 2023 hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta kafa kwamiti na musamman domin shi, don an gane yana raunana jiki da hankali, balle ga tsofaffi. Akwai kuma hasara ta biyu: duk abin da dattijon ya sani yana zaune tare da shi, ba mai tambaya. Wasu ƙasashe sun nemi maganin wannan matsala, kuma dabararsu ta isa a saurara.

Yadda aka fara a Faransa

A shekarar 1973, a birnin Tulus na ƙasar Faransa, wani malamin jami'a mai koyar da shari'a, Pierre Vellas, ya lura da halin da masu ritaya ke ciki. Ya ga jami'a tana da ɗakuna, da malamai, da filin motsa jiki. Sai ya nemi a buɗe wa tsofaffi ƙofa. Suka riƙa zuwa sauraren darasi, suna motsa jiki daidai ƙarfinsu, suna fita yawon buɗe ido tare.

An sa wa abin suna Jami'ar Zango na Uku. A lissafinsu rayuwar mutum zango uku ce: ƙuruciya da karatu, sannan aiki da riƙon iyali, sannan lokacin da aka ajiye aiki amma da sauran ƙarfi. Labari ya bazu da sauri zuwa Beljik, da Suwis, da Kanada. A 1975 aka kafa ƙungiyar duniya ta irin waɗannan makarantu.

Sai dai tsarin Faransa yana bukatar jami'a a kusa, da malamanta. Garin da ba shi da jami'a ba shi da rabo.

Yadda Ingila ta sake dabara

A 1982 mutum uku a Ingila, Peter Laslett, da Michael Young, da Eric Midwinter, suka ɗauki shawarar suka gyara ta. Taron koyo na farko an yi shi a garin Kambirij. Suka ce ba sai an jira malaman jami'a ba, domin a cikin masu ritaya akwai wanda ya san lissafi, da wanda ya san tarihi, da wanda ya san lambu. Mai koyarwa yau shi ne ɗalibi gobe.

Dokokinsu kaɗan ne. Ba a tambayar kowa takardar makaranta kafin shi shiga. Ba jarrabawa, ba takardar shaida a ƙarshe. Mai koyarwa ba a biyansa. Kowa na zuba ɗan kuɗi a shekara don hayar ɗaki da ƴan bukatu, wasu darussa ma a gidan ɗayansu ake yi. Kowane gari shi ke riƙe da ƙungiyarsa. Da wannan tsari ƙungiyoyin suka haura 1,000 a ƙasar, membobi kuwa dubu ɗaruruwa.

Wanga tsari na biyu ba baƙo ba ne a Nijar. Tun 1962 ƙungiyoyin rediyo kulob suka saba tara mutane a saurari shiri a tattauna. Tun 1963 ma'aikatar yaƙi da jahilci ta nuna cewa rumfa, da allo, da alli sun isa a koyar da magidanci karatu da harshensa. Abin da ya rage shi ne dattijai su yi wa kansu irin wannan.

Yaya ake farawa?

Da farko a samu mutum 3 ko 4 waɗanda suka yarda da juna. Su je su gaida mai gari ko mai unguwa, da liman, su faɗa masu nufinsu. Abin da aka fara da sanin manya ba ya zama abin zargi. Sannan su bi gida gida. Sanarwa a masallaci ko a rediyon gari tana da amfani, amma dattijo ya fi amsa kiran wanda ya tako har zaurensa.

Ranar taron farko, kada a cika dogon jawabi. A yi wa kowa tambaya biyu: me ka sani wanda za ka iya koya wa wani? Me kake so ka sani? Mai rubutu shi rubuta amsa cikin kayye. Mutane da yawa za su ce ba su san kome ba. A yi haƙuri, a tambaye su aikin da suka yi. Wanda ya yi shekaru yana awon gyaɗa ya san sikeli da lissafi. Wadda ta yi shekaru tana karɓar haihuwa ta san alamun da ke cewa a gaggauta kai mace likita. Daga wannan kayye tsarin darussa zai fito.

Wuri ba wuya: zauren wani, ko rumfar yaƙi da jahilci, ko ajin lakwal ranar da yara ba su nan, in shugaban makaranta ya yarda. A zaɓi inda ke da inuwa da ruwan sha, kusa da gidaje, don masu ciwon gwiwa. Sau ɗaya ko sau biyu a mako ya isa, da hantsi ko bayan la'asar. A kauce wa ranar kasuwa. Da damina da watan azumi a rage ko a dakata.

A naɗa mutum uku: shugaba, da magatakarda, da ma'aji. Kuɗin shiga shi zama kaɗan, kamar dala 20 ko dala 50 a wata, don sayen alli, da kayye, da shayi. Wanda ba shi da hali kada a kore shi. In ƙungiya ta yi ƙarfi, a nemi takardar izini wurin hukuma yadda doka ta tanada.

Me za a koya?

Abu na farko shi ne wanda ke taɓa aljihu. Ma'aikatan gwamnati suna karɓar fansho ta hannun CARENI, ma'aikatan kamfanoni ta hannun CNSS. Kowace tana da takardun da take nema. Wanda ya taɓa aikin biro shi nuna wa sauran yadda ake cika su, da inda ake kai su. Shi bayyana kuma haƙƙin matar mamaci da marayu, domin akwai iyalan da ke rasa rabonsu saboda ba takardar aure ko ta haihuwa. A yi wannan gyara tun mai gida yana da rai.

Na biyu wayar salula. Dattijai da yawa sai sun nemi yaro shi karanta masu saƙo, ko shi duba masu kuɗin da ɗa ya aiko. Ta nan asiri ke tonuwa, ta nan kuma macuta ke shiga. Darasi kaɗan ya isa mutum shi gane lambobi, shi san ba a faɗa wa kowa lambar sirri.

Na uku karatu da rubutu. Tsohon mushe shi koyar da boko, malamin allo shi koyar da ajami. Kowannensu shi zauna a darasin ɗan'uwansa, don sauran su ga ba abin kunya ba ne.

Na huɗu lafiya. Tsohon ma'aikacin likita shi yi bayani kan hawan jini, da ciwon sukari, da yanar ido, shi tura mai bukata asibiti. Kada shi mayar da taro wurin sayar da magani.

Na biyar gona da tarihi. Tun shekarun 1980 manoman jihar Maraɗi suka yi suna da sassaben zamani, wato barin tohon itatuwa a gona ana gyara shi har shi girma. Waɗanda suka fara aikin yanzu dattijai ne. Ma'aikacin da ya dawo gida yana so shi yi noma, wurinsu zai koya. Haka nan labarin kafuwar gari, da sunayen rijiyoyi, da yadda aka tsira a yunwar 1973 da ta 1984. A rubuta, ko a ɗauki murya a waya. A Yamai akwai cibiyar CELHTO, wadda aikinta shi ne adana tarihin baka.

Abin da ke kashe ƙungiya

Uku ne. Na ɗaya siyasa: ranar da taro ya zama na jam'iyya, rabin mutane za su daina zuwa. Na biyu kuɗi: ma'aji shi karanta lissafi a gaban kowa ƙarshen kowane wata, ko da dala 5 aka kashe. Na uku girman kai: tsohon babban ma'aikaci shi tuna a nan ba biro ba ne, tabarmarsa ɗaya da ta tsohon masinja.

Kada kuma a manta da mata. In ba su saki jiki a cikin maza, a ba su ranarsu da shugabarsu, kayye da asusu su zama ɗaya.

Zumunci shi ne rabin aikin. Magatakarda shi riƙa kiran suna. Wanda aka rasa sau biyu a jere, a tashi mutum biyu su je su dubo shi. Sau da yawa ta haka ake gane wanda ke kwance ba mai kai shi likita.

Ranar 1 ga Oktoba ita ce ranar tsofaffi ta duniya, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsayar a 1990. A Nijar tana faɗowa daidai kaka, hatsi na shiga rumbu, mutane sun fara samun sarari. Garin da ke son farawa ba shi da lokacin da ya fi wannan. Malaman yaƙi da jahilci suna iya ba da shawara, su ara allo, amma riƙon ƙungiya na dattijai ne da kansu. Hausawa sun ce abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. To, sai babba ya samu wurin faɗa da masu saurare.