ƘWARON DA KE ZUBAR DA FUREN WAKE, DA MUTANEN DA SUKA RAƊA MASA SUNA

A daminar da ta wuce, waken da 'yan aji uku suka shuka a gonar makaranta ya yi kyau ƙwarai. Ganye kore shar, ga yaɗo ko'ina. Amma da lokacin fure ya yi, sai furen ya yi ta zuba tun bai ƙulla 'ya'ya ba. Waɗansu suka ce iska ce, waɗansu kuma suka ce taki ne ya yi yawa. Muka tsinko fure goma, muka kakkaɓe su a kan farar takarda. Sai ga waɗansu baƙaƙen abubuwa sirara, kamar guntayen gashi bayan aski, suna gudu a kan takardar. Tsawon kowane ɗaya bai wuce milimita biyu ba. Waɗannan su ne suka ci mana wake.

Turawa suna kiran irin waɗannan ƙwari thrips, mu kuma a bakinmu sai mu ce tirifs. A wannan shafi muna so mu nuna yadda masana suka rarraba su, da kuma su wane ne suka yi wannan aiki, gama ba a maganin abokin gaba sai an san ko shi wane ne.

Da farko dai mu tuna da abin da muka koya a ajin kimiyya. Masana suna jera halittu kamar yadda muke jera mutane: ƙabila, sa'an nan dangi, sa'an nan gida, sa'an nan mutum ɗaya. Kowane iri yana da suna biyu na Latin. Na farko shi ne sunan gida, na biyu kuwa sunan yanka. Wani mutumin Suwidin, Carl Linnaeus, shi ne ya kafa wannan tsari.

Tirifs sun daɗe ba su sami mazauni a cikin wannan jeri ba, domin ƙanƙantarsu. Wanda aka sani ya fara zana hotonsu shi ne wani fada ɗan ƙasar Italiya, Filippo Bonanni, a shekarar 1691, bayan ya duba su da madubin ƙara girma. A 1744 wani ɗan Suwidin mai suna Charles De Geer ya kwatanta su, ya kira su Physapus, wato mai jaka a ƙafa. Ya lura cewa a ƙarshen kowace ƙafa akwai wata 'yar jaka da ƙwaron yake hurawa kamar balan-balan, da ita yake manne wa ganye mai santsi. Linnaeus ya zo ya ba su sunan Thrips, kalmar Helenanci mai nufin tsutsar da ke cin itace. Sunan bai dace ba, gama ba sa cin itace, amma shi ne ya zauna. Linnaeus ya kuma zuba su a ƙabila ɗaya da kuɗin cizo, domin dukansu tsotso suke yi.

Wanda ya raba wannan gardama shi ne Alexander Henry Haliday, mutumin Ailan. A 1836 ya nuna cewa tirifs ƙabila ce mai zaman kanta, ya raɗa mata suna Thysanoptera, ma'ana masu fiffike mai geza. Duk wanda ya taɓa ganinsu a ƙarƙashin madubi zai yarda da shi. Fiffikensu ba shi da faɗi kamar na ƙuda. Siriri ne kamar tsinke, da dogayen gashi jere a gefensa kamar gezar rawani. Bakinsu ma abin mamaki ne. Sauran ƙwari suna da muƙamuƙi biyu, dama da hagu, amma tirifs na hagu kaɗai gare su, na dama ya shanye tun suna cikin ƙwai. Da wannan guda ɗaya suke huda fatar ganye ko fure, su tsotse ruwan ciki. Shi ya sa wurin da suka ci yakan yi fari-fari kamar an shafa azurfa.

Babban aikin Haliday, a ganinmu, shi ne da ya juya ƙwaron ya dubi bayansa. Can ya ga ƙabilar ta rabu gida biyu. A kashi na farko, tamata tana da wani ɗan zarto a ƙarƙashin cikinta. Da shi take tsaga ganye ko fure, ta cusa ƙwanta a ciki inda ido ba ya gani. Waɗannan ya kira su Terebrantia, wato masu huda. A kashi na biyu babu zarto, ƙarshen jikin ya zama kamar ɗan bututu, tamata kuma a fili take ajiye ƙwai, a kan ganye ko ɓawon itace. Waɗannan su ne Tubulifera, masu bututu. Akwai wata alama kuma: masu zarto sukan kwantar da fikafikansu jere da juna a gadon baya, masu bututu kuwa sukan ɗora ɗaya bisa ɗaya. An yi kusan shekara 190 ana ƙara ilmi, amma wannan rabo na Haliday bai rushe ba.

Me ya sa manomi zai damu da zarto ko bututu? Dalili shi ne yawancin masu ɓarna a gona suna cikin masu zarto, musamman dangin da ake kira Thripidae, mai iri fiye da 2,000. Da yake ƙwansu a cikin naman shuka yake, feshi ba ya kai masa. Ka yi feshi yau, bayan 'yan kwanaki sababbi su ƙyanƙyashe. Masu bututu dangi ɗaya ne tak, Phlaeothripidae, amma sun fi yawa, iri fiye da 3,000, kuma da yawa daga cikinsu fumfuna suke ci a kan matattun rassa da busasshen ganye, ba ruwansu da amfanin gona. Akwai ma tirifs mafarauta, masu cin waɗansu ƙananan ƙwari, waɗanda abokan manomi ne. Gaba ɗaya an san iri fiye da 6,000, yawancin masana kuma suna kasa su dangi tara.

Bayan Haliday, wani mutumin ƙasar Cek, Heinrich Uzel, ya buga littafi na farko sukutum a kan tirifs a 1895. Daga nan sai ƙofa ta buɗe. Karny da Priesner a Ostiriya, Bagnall a Ingila, Hood da Moulton a Amurka, kowa ya yi ta raɗa sababbin sunaye, har suka yi yawa. Matsalar ita ce iri ɗaya yana iya fitowa da kamanni dabam-dabam: wani babba wani ƙarami, wani baƙi wani fari, wani da fiffike wani babu. Sai ka tarar ƙwaro ɗaya an ba shi suna uku ko huɗu, kamar yaron da kowace gwaggo take kiransa da nata sunan.

Cikin waɗanda suka share wannan tarkace akwai Laurence Mound, Baturen Ingila, wanda ya fara aikinsa a ƙasarmu. Ya zauna a Ibadan wajen 1960 yana binciken farin ƙudan da ke yaɗa cuta a shuke-shuke, sa'an nan ya wuce Sudan wurin auduga. Ya nuna cewa 'ya'yan farin ƙuda iri ɗaya sukan sake kama gwargwadon ganyen da suka girma a kai, na ganye mai gashi dabam, na ganye mai santsi dabam. Da wannan ido ya koma kan tirifs, a gidan ajiyar halittu na Landan, daga baya kuma a Ostareliya, ya haɗe sunaye masu yawa da aka ɗauka iri dabam ne. Gardama dai ba ta ƙare ba. Wani masani ɗan Indiya, J. S. Bhatti, ya ce masu zarto da masu bututu sun yi nisa da juna har ya kamata kowanne ya zama ƙabila, amma yawancin masana ba su bi shi ba.

To, mu koma ga namu na wake. Sunansa Megalurothrips sjostedti, yana cikin masu zarto. Wani ɗan Suwidin, Yngve Sjöstedt, ya yi tafiyar bincike zuwa Dutsen Kilimanjaro a 1905 zuwa 1906, ya komo da ƙwari masu yawa. Filip Trybom, wanda ainihin aikinsa kula da harkar kamun kifi ne, shi ya duba tirifs ɗin, ya sa wa wannan sunan matafiyin. An yi shekaru ana lissafa shi a gidan Taeniothrips kafin a mai da shi inda yake, saboda haka ɗalibin da ya ga wancan suna a tsohon littafi kada ya ruɗe, ƙwaron ɗaya ne. Na albasa kuwa, mai sa ganye ya yi fari a lambun rani, wani ne dabam. Sunansa Thrips tabaci, domin a jikin taba wani masanin Rasha, Karl Lindeman, ya fara kwatanta shi a 1889.

Sanin sunan na wake ya biya. Da aka iya bambanta shi da 'yan'uwansa, sai aka gane inda yake fakewa bayan girbi, wato a furen itatuwa dangin wake. Masu bincike na cibiyar IITA kuma suka sami wani ɗan mitsitsin dangin zanzaro a Kamaru, Ceranisus femoratus, mai zuba ƙwai a jikin 'ya'yan tirifs, aka kai shi Jamhuriyar Benin domin ya rage su.

Ga 'yan ƙungiyar manoma matasa da suke so su gwada da damina mai zuwa: ku fara duba wake tun yana fid da kan fure, kada ku jira sai ya buɗe, gama a lokacin ne ɓarnar take farawa. Ku ɗauke ƙwarin da jiƙaƙƙen gashin kaza, ku sa a 'yar kwalba mai sifirit, ku kawo ɗakin kimiyya mu duba ko zarto ne ko bututu. Ku jefa 'yar takarda a ciki mai sunan shukar da wurin da kwanan wata. Da fensir za ku rubuta, gama tawada tana narkewa a cikin sifirit.