Tsiro Ɗaya, Tukunya Biyu

A Disina, ƙaramar hukumar Shira ta masarautar Katagum, macen da ta iya kunun zaƙi ba ta koyo shi a makaranta ba. A gindin murhun uwarta ta gani, ita ma uwar daga kakarta. Asirin yana cikin tsiro: a jiƙa dawa ko shinkafa, a lulluɓe ta da buhu mai laima kwana uku zuwa huɗu har ta fid da saiwa, a shanya, a niƙa. Idan aka zuba wannan gari cikin ƙullun da aka dama da tafasasshen ruwa, sai ya tsinka kaurinsa, ya mai da shi zaƙi ba tare da sukari ba. Citta da kanumfari su ƙarasa aikin, kunu ya kwana, da safe a tace.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a kudancin jihar Bauchi, wajen Tafawa Ɓalewa da Bogoro, da wannan tsiron ake fara burukutu. Can ma sana'ar mata ce ta gado, da manyan tukwane da itace mai yawa, kuma da ribarta uwaye da dama suka biya wa 'ya'yansu kuɗin makaranta. Inda hanya ta rabu shi ne lokaci. Mai burukutu tana sake dafawa, ta bar shi ya yi ta tsima har ya zama abin maye, aikin kusan mako guda. Mai kunu kuwa tsere take da rana, don ta sayar kafin ya yi tsami.

Ƙasar Katagum ta daɗe da zaɓar ɓangarenta, tun zamanin Malam Zaki, mai tutar Shehu Usmanu da ya kafa masarautar a farkon ƙarni na 19. Da jihar Bauchi ta ƙaddamar da shari'a a 2001, gidajen giya suka ƙara ja da baya.

Su ma manyan kamfanoni sai da suka durƙusa wa dawa. A 1988 gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir daga waje, masana'antun giya da na lemon malt suka koma neman dawar Arewa, suna tsirar da ita cikin injuna kamar yadda matan ƙauye ke yi a ƙarƙashin buhu.