Minti 4 da daƙiƙa 37: daren da lantarki, gas da ruwa suka ja juna ƙasa a Texas

Kafin asubahin 15 ga Fabrairu, 2021, sanyin da ya lulluɓe jihar Texas ta Amurka ya kai ga tashoshin wutar lantarki na mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Hukumar ERCOT mai kula da layukan wutar jihar ta umarci kamfanonin rarrabawa su yanke wa jama'a wuta domin a ceci sauran. Daga baya hukumar ta ce minti 4 da daƙiƙa 37 kacal suka rage tsarin ya durƙushe baki ɗaya.

Sai dai yankan da kansa ya ƙara dagula al'amura. Kaso mafi tsoka na wutar Texas daga iskar gas ake samar da shi, kuma injinan da ke haƙo gas ɗin da tura shi cikin bututu da yawansu da lantarki suke aiki. Akwai fom da ake cikewa domin a sa irin waɗannan wurare cikin jerin waɗanda ba a ɗauke wa wuta, kamar asibitoci, amma kamfanonin gas da dama ba su cike shi ba. Aka ɗauke musu wuta, gas ya ragu, tashoshin da ke jiransa suka tsaya, wuta ta ƙara ƙaranci. Ga kuma rijiyoyin gas da sanyi ya riga ya daskarar.

Daga nan abin ya shafi ruwa. Famfunan tura ruwa sun tsaya, bututai sun fashe, aka shawarci miliyoyin mutane su tafasa ruwa kafin su sha, alhali da yawansu babu wutar tafasawa. Sama da gidaje da wuraren kasuwanci miliyan 4 suka zauna cikin duhu. Hukumomin jihar sun ƙirga mutum 246 da suka rasu, wasunsu sakamakon hayaƙin janareta ko mota da suka kunna a rufaffen wuri.

Ko masu sayen wayoyi da motoci a nesa sun ji a jikinsu: masana'antar Samsung da ke Austin ta yi makonni ba ta ƙera ƙwaƙwalwar na'urori ba, a daidai lokacin da duniya ke ƙarancinta.

Shi ya sa injiniyoyin da ke auna irin wannan haɗari suke zana taswirar dogaro a kwamfuta: wa ke ba wa wuta, wa ke ba wa ruwa, batirin turken sadarwa awa nawa zai yi. Sai su "kashe" wuri guda su ga me zai biyo baya. Wahalar aikin ita ce bayanan suna warwatse a hannun kamfanoni daban-daban, kuma a Texas hukumar da ke sa ido kan gas daban take da mai sa ido kan lantarki.