3.2 Samar da Lantarki ta Hanyar Ruwa: Madatsar Kainji

A wannan sashe za a dubi madatsar Kainji, wadda aka kammala gina ta a kan Kogin Kwara a shekarar 1968. Ruwan da aka tare shi ke gangarowa da ƙarfi ya juya injuna, su kuma su samar da wuta. Ke nan ba a ƙona kwal ko gas, balle hayaƙin kabon ya tashi. An kafa injuna takwas masu ƙarfin megawat 760, sai dai ba kullum ake samun wannan adadi ba, domin duk lokacin da ruwan tafkin ya ja baya, wutar ma raguwa take yi. Bugu da ƙari, tafkin ya cinye tsohon garin Busa, dole aka mayar da mutanensa Sabuwar Busa.