Allurar Sinawa Da Ƙahon Wanzami: Ina Maganin Damuwa?

Daga Wakilinmu na Arewa, Minna

Duk wanda ya yi bazara a Minna ya san yadda rana ke gasa mutum. Ma'aikaci ya taso daga ofis, ya sha cunkoson Kpakungu, ya isa gida ya tarar kuɗin makarantar yara da na cefane suna jiransa. In dare ya yi barci ya ƙi zuwa, wuya ya sanƙare, ƙeya ta dinga sara. Tun kaka da kakanni abin da aka saba shi ne a kirawo wanzami ya kafa ƙaho a ƙeya ko a gadon baya, ya zuƙe abin da ake ce wa mataccen jini. To, yanzu kuma ana ta jin labarin wata hanya daga ƙasar Sin, wadda Turawa ke kira akufanca.

Ga yadda ake yinta. Mutum zai kwanta, sai mai maganin ya tsittsira masa waɗansu allurai sirara, kaurinsu bai fi na gashi da yawa ba, a hannu ko ƙafa ko kunne ko baya. Babu ruwan magani a cikinsu. Akan bar su kamar minti 20 zuwa 30, sa'an nan a zare. Sinawa sun fi shekara 2,000 suna wannan aiki. A ganinsu akwai wani ƙarfi mai gudana a hanyoyin jiki, in ya toshe sai cuta ta taso. Mai karatu zai ga wannan bai yi nisa da zancen wanzamanmu ba.

Sai a 1971 abin ya yi suna a Amurka, bayan da aka yi wa wani ɗan jarida, James Reston, tiyata a birnin Beijin, aka rage masa zogi da allurai, ya kuma buga labarin. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da wurare 361 a jiki inda ake kafa su. A 2021 kuma hukumar da ke ba asibitocin Ingila shawara ta yarda a gwada su ga masu daɗaɗɗen ciwon jiki wanda ba a gano sanadinsa ba.

Amma fa zancen damuwa daban ne. Mutane da dama sukan ce sun ji jikinsu ya saki, sun sami barci. Sai dai a gwaje-gwaje masu yawa, an tsira wa waɗansu allurar a inda ya kamata, waɗansu kuma aka yi musu ta bogi, bambancin da aka samu kaɗan ne. Watau kwanciyar rabin sa'a a ɗaki shiru, da samun mai sauraron kukanka, su ma suna da nasu rabo a cikin sauƙin.

Abin tsoro shi ne, ciwon kai da rashin barcin da ake ɗora wa gajiya wani lokaci hawan jini ne ke tafe da su, shi kuwa ba ya sallama kafin ya kayar da mutum. Ba allura ba, ba ƙaho ba, babu wanda zai maye gurbin awo. Kafin ka kashe kuɗin mota zuwa Abuja neman mai allura, fara zuwa Babban Asibitin Minna ko asibitin unguwarku a auna jininka.

In kuwa ka ƙudura sai ka gwada, to, ka tabbata an ɓare sabuwar allura a gabanka, kuma mai yin ya sami horo, domin in ta yi zurfi a ƙirji tana iya huda huhu. Allura ko askar da aka yi wa wani aiki da ita tana iya ɗauko ciwon hanta ko ƙanjamau. Wannan sharaɗi ya hau kan wanzami kamar yadda ya hau kan mai allurar Sinawa. Jama'a, a yi hattara, kada garin neman gira a rasa ido.