Amsa Ga Mai Tsohon Kabad Daga Daudawa

Wani mai sauraronmu daga Daudawa, ƙaramar hukumar Faskari, ya rubuto cewa ya sayi tsohon kabad na gwanjo a Funtuwa don kayan ɗakin 'yarsa, yana so ya shafe shi da jan fenti mai ƙyalli. Yaya zai yi?

To malam, kafin ka sayi fenti, jawo durowoyin ka duba. In ka ga ƙananan ramuka da gari kamar na tuwo, ƙwaro na ciki. Ɗura kananzir a ramukan, ka bar shi ya sha iska, sannan ka toshe da garin katako haɗe da gam.

Wurin kankare tsohon fentin ne muke so ka natsu. Fentin mai na da, musamman ja da rawaya, sau da yawa akwai dalma a ciki, gubar nan da ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010. Can daga dutsen zinariya ta fito, amma dalma dalma ce. Don haka kada ka goge shi a bushe, kada kuma ka babbake shi da wuta. Jiƙa sanfefa da ruwa, ka yi aikin nesa da madafa da wurin wasan yara, ka rufe hanci. Tarkacen ka tattara ka binne.

Sabon fentin ma, karanta jikin gwangwanin, ka nemi marar dalma. Fara da farin shafi, ja ya fi fitowa a kansa. Sannan shafi biyu marasa kauri, kwana guda tsakani, a inuwa. Ranar da ƙurar hunturu ta taso kuwa, haƙura da buroshi sai ta kwanta.